Rabin Maganin da Na Ba Abdulhamid

Jama'a, kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗi laifina da bakina. Na san maganin matsalar da ta hana Abdulhamid sukuni kwana huɗu, na ba shi rabi, na riƙe rabi. Da gangan na yi. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, kishi ne, kuma nawa ne.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Wasila. Gyaran kwamfuta nake yi a Nguru, a wani ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgi, tsakanin mai ɗinkin hula da mai cajin waya. Abdulhamid shi ne wanda zan aura in Allah ya yarda. A Gashua yake, yana kula da kwamfutoci hamsin a cibiyar jarrabawa ta ƙanen mahaifinsa, Baffa Kalli. Baffan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, kuma shi ne zai zo gidanmu ranar Asabar a tsayar da rana. Sai dai akwai sharaɗi. Babana ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai aikin rakiya ba, sai Abdulhamid ya samu matsayi tsayayye. Baffa Kalli kuma ya ce in masu duba cibiyoyi suka zo ranar Alhamis suka amince da wurin, Abdulhamid ya zama manaja. In ba su amince ba, babu manaja, babu Asabar.

Akwai kuma wata ƙura. Dangin Abdulhamid ba sa son surukar da ke zaman shago, maza na shige da fice, tana buɗe cikin inji. Shi kuwa don a zauna lafiya sai ya ce musu na daina sana'ar tun bayan Babbar Sallah. Ummata ta ji daɗin ƙaryar nan har take so ta zama gaskiya. Kullum da safe in na ɗauki makullin shago sai ta ce, "Wasila, yaushe za ki rufe wurin nan? So kike mutane su gane?" Ni kuma in ce sai na sallami kayan mutane. Wata huɗu ke nan ina sallamar kayan mutane.

Ranar Litinin da la'asar ina cikin goge wata laftof ya kira ni. Muryarsa kaɗai ta gaya mini babu lafiya.

"Wasi, na janyo wa kaina bala'i. Na sabunta bayos ɗin kwamfutocin nan duka, na ce masu duba su same su tsaf. Yanzu ko ɗaya ba ta tsayawa. Ta tashi, fanka ta juya, hoto ya fito, kafin ka zauna sai ta mutu ɗif kamar an zare waya."

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo da komai ke manne a jikinsa, muna ce masa bod. A jikin bod ɗin akwai ɗan shiri da ake kira bayos. Shi ke fara farkawa in ka danna maɓalli, shi ke gaya wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yawan wutar da zai sha da lokacin da zai huta. In bayos ya rikice, komai ya rikice.

Na ce, "Gobe da sassafe ina Gashua."

Ya rage murya.

"Kin san Baffa kullum yana wurin. In ya gan ki da sukundireba fa? Kada ki damu, na kira Sharon."

Sharon. Ku riƙe sunan nan, don ni na riƙe shi har ya ƙone mini hannu. 'Yar wani ma'aikacin lafiya ce, Mista Terver, a Gashua aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa daɗi, har gaisuwar Badanci, yaren mutanen garin, tana yi. Ita ta ja musu wayoyin netwok lokacin da aka buɗe cibiyar. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma kada ku tambaye ni sau nawa na shiga shafinta. Na san tana da wushirya. Na san tana son atamfa ruwan ɗorawa. Na san akwai hotonta a bakin ruwan Dagona da Abdulhamid ya danna wa alamar so tun bara, kuma har yau bai cire ba.

Ranar Talata ya kira ni sau biyu. Sharon ta canza masa wannan, Sharon ta gwada wancan, Sharon ta ce wataƙila zafi ne, Sharon ko abinci ba ta ci ba. Wallahi ƙirgawa na riƙa yi da yatsa a kan teburi, a kira ɗaya ya ambaci sunanta sau goma sha ɗaya. Ni da na shekara shida ina wannan aikin, ni da na gyara masa laftof ɗinsa ranar da muka fara haɗuwa, ina zaune a Nguru ina sauraron labarin ƙoƙarin wata. Abin ya ci ni ta gefe biyu. Ina kishin zamanta kusa da shi, ina kuma kishin kwamfutocin da take taɓawa, kuma har yanzu ban san wanne ya fi zafi ba.

Ranar Laraba da azahar, da ya ga saura kwana ɗaya, sai ga saƙonsa.

"Wasi don Allah duba mini wannan. Kada ki gaya wa kowa."

Hoton shafin bayos ne, shuɗi da fararen rubutu. Abu biyu na gani a cikinsa. Na farko hannun Sharon a kan kibod, da siririn agogo da farce an shafa masa ja, kuma gefen hannun rigar Abdulhamid, farar shaddar da na zaɓa masa da kaina, yana gogar gwiwar hannunta. Na buɗe hoton da yatsu biyu har ya dushe, ina auna tazarar da ke tsakaninsu. Babu tazara.

Na biyu kuma a can saman kusurwa yake. Kwanan watan kwamfutar yana nuna ɗaya ga Janairu, shekara goma sha wani abu da suka wuce.

Na kira shi. "Waɗannan kwamfutocin, akwatin wutarsu tsoho ne?"

"Tsofaffi ne. Na hannu Baffa ya sayo, bod ɗin ne kawai aka canza."

"Da safe in kun kunna, akwai rubutun da ke fitowa kafin su tashi?"

"Wani ɗan rubutu ne na banza, maɓallin F1 muke dannawa ya wuce. Shekara biyu ke nan muna haka, ba shi ne matsalar ba."

"Sharon ta taɓa ganinsa?"

"Ina fa, sai goma take zuwa, na riga na kunna."

Nan take komai ya fito mini fili. Sabon bayos ɗin da ya sa yana ba furosesa izinin yin barci mai nauyi da zarar babu aiki a gabansa. In ya yi wannan barcin, wutar da yake ja takan yi ƙasa ƙwarai, har tsohon akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, ya ɗauka babu kowa a gida, ya kashe kansa. Maganin wannan sauƙi gare shi, a shiga bayos a hana barcin. Wannan shi ne rabi na farko.

Rabi na biyu shi ne kwanan watan nan. A jikin kowane bod akwai ɗan batiri mai faɗin maɓallin riga, shi ke riƙe wa bayos abin da aka gaya masa in an ɗauke wuta. Nasu sun mutu tun tuni, shi ne rubutun da suke tsallakewa da F1 ba tare da sun karanta ba. Da can bai dame su ba, don tsohon bayos bai san barcin nan ba. Yanzu kuwa duk gyaran da aka yi da rana, da zarar mai gadi ya kashe inbata, na'urar da ke ba su wutar sola, da yamma kamar yadda ya saba, zai goge. Gari na wayewa su koma gidan jiya.

Na gaya masa rabi na farko dalla-dalla, inda zai shiga da abin da zai kashe. Rabi na biyu yana kan harshena. Sai na ji muryarta a bayansa tana cewa, "Malam Abdul, zo ka ga wani abu," tana dariya. Ya ce mini, "Ina zuwa Wasi," ya kashe.

Na ce a raina, bari ya kira ya yi godiya tukuna, sai in ƙarasa masa.

Bai kira ba. Ƙarfe biyar na yamma na buɗe waya na ga ya sa hoto a sitatus. Kwamfutoci hamsin a jere duk suna haske, Sharon a tsakiya ta ɗaga yatsu biyu, wushiryar nan a waje. A ƙasa ya rubuta, "Alhamdulillah. Injiniya Sharon, Allah ya saka da alheri, kin fitar da mu kunya."

Injiniya Sharon! Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, wace ce za ta ga wannan ta yi murmushi? Can sai ga ɗan saƙo ya biyo baya a ɓoye, "Na gode Wasi, kin san Baffa yana ganin sitatus ɗina." Layi ɗaya tak. Ita hoto da addu'a a gaban duniya, ni layi ɗaya kamar wadda ta kawo masa ruwan alwala. Na rubuta masa, "Ba komai." Na kife wayar.

Da magariba na koma gida na tarar da yayata, Ya Fanne, a tsakar gida tana haɗa turaren wutan da za a ba baƙin Asabar. Ta baza itacen a faranti tana yayyafa masa suga da miski, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Umma tana ɗaki tana fito da sababbin kofuna daga kwali. Ya Fanne ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya mutu?"

Na tsuguna kusa da ita na gaya mata komai da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta gane zancen bayos ba, amma ta gane sauran.

"Tsaya. Kina nufin gobe da safe injinan za su sake mutuwa?"

"Eh."

"Kuma kin sani?"

"Eh."

"Kuma in sun mutu babu Asabar?"

Na ɗauki wani itace daga farantin ina jujjuya shi.

"Ke Wasila, kanki ɗaya kuwa? Don ki kunyata wata za ki cinna wa aurenki wuta? To ni wa nake haɗa wa turaren nan, Sharon?"

"Ya Fanne, ya kira ta injiniya."

"Ya kira ta gwamna ma mana! Ɗauki waya ki kira shi."

Na ɗauki wayar, wallahi na ɗauka. Na buɗe sai na ga ya ƙara wani hoton, faranti biyu na gasasshen kifi a kan teburin ofis, da wannan agogon nata a gefe. Na ce wa Ya Fanne layinsa ba ya shiga. Ƙarya nake yi, ko dannawa ban yi ba.

Da asuba bayan na idar da salla hankalina ya dawo jikina, sai tsoro ya kama ni. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Ƙarfe bakwai saura kwata saƙonsa ya shigo.

"Wasi sun koma. Dukansu. Ƙarfe goma za su zo. Na shiga uku."

Ban ba shi amsa ba, don abin da zan faɗa ba na waya ba ne. Ya Fanne ta ce wa Umma wai ita ce ta aike ni Gashua karɓo mata turaren humra. Ni kuwa, ku ji wauta, duk da gaggawar nan sai da na ɓata minti goma a gaban akwati. Na ajiye hijabin aiki na ɗauko lafayata mai ruwan zuma, wadda na tanada don Asabar, na sa kwalli, na shafa turare. In dai Sharon za ta gan ni, to ta gan ni da kyau. Na biya shago na kwashe duk ƙananan batiran da nake sayar wa masu rimot ɗin mota da masu sikeli, kati goma sha ɗaya, biyar-biyar a kowane. Na jefa sukundireba uku a jaka na nufi tasha.

Motar ta tsaya a Jajimaji sauke buhunan wani mutum, na ji kamar in fito in tura ta. Ƙarfe takwas da rabi na shiga cibiyar.

Ɗakin dogo ne, tebura layi biyar. Abdulhamid yana tsaye a tsakiya, hula a hannu, shaddarsa ta jiƙe da gumi. Da ya gan ni sai ya dubi ƙofa kafin ya dube ni.

"Wasi! Me ya kawo ki? Baffa ya tafi tarbo masu duban, yanzu zai dawo."

Wata ta ɗago daga bayan teburi. Ba ta kai tsawon da nake zato ba, idanunta sun yi ja, ɗankwalinta ya karkace. Ta ce, "Ke ce Wasila? Sannu da zuwa, 'yar uwa. Wallahi jiya na ce masa ya rubuta sunanki, aikinki ne, ya ce ba zai yiwu ba."

Na so ta zama mai girman kai. Na zo da maganganu uku da na shirya mata tun daga Nguru, duk suka maƙale. Haushinta ya ƙaru a raina don ta hana ni abin faɗa.

Na zazzage jakata a kan teburi. Batiran suka zube.

Na yi bayani a taƙaice. Sharon ta dafe goshi ta ce, "F1! Malam Abdul, shekara biyu kana ganin rubutu ba ka faɗa ba?" Sai kuma ta tsaya. Ta dubi batiran, ta dube ni. "Amma ke ba ki taɓa shigowa nan ba. A ina kika gani?"

"A hoton jiya."

"Na jiya da azahar?"

Na sunkuya ina tattara batiran. Abdulhamid ya ɗago a hankali ya zuba mini ido, na ga lokacin da ya gane. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Tun jiya, Wasila?" Rabon da ya kira cikakken sunana har na manta.

Sharon ce ta raba mu. "Ku yi wannan daga baya. Mutanen nan sukan sa a kashe sola a tayar da janareta don su ga ko wurin zai jure. In ba mu canza batiran duka ba, a gabansu za su mutu."

Muka raba layi. Zare waya, kwance noti biyu, ɓalle tsohon batiri da farce, danna sabo, rufe, kunna, shiga bayos, hana barci, gyara kwanan wata, wuce ta gaba. Lafayar da na sa don Sharon ta riƙa kama ƙafar teburi, na tuɓe rabinta na ɗaure a ƙugu kamar mai daka. Kwallina ya narke. Duk da haka ina lura, na gama goma sha biyu tana kan ta tara, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Goma da minti biyar saura kwamfuta ɗaya, ta ƙarshen layi na biyar, notinta ya ci tsatsa. Ina durƙushe a ƙarƙashin teburi, sukundireba ɗaya a hannu ɗaya a baki, na ji sallama. Takalman mutum huɗu suka shigo. Na leƙo na ga dattijo fari siriri da babbar riga ruwan toka da carbi, da baƙi uku masu rataye da kati a wuya. Dattijon shi ne Baffa Kalli. Ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganina ba, maganar aure tsakanin maza ake ta yin ta.

Notin ya kwance. Na canza batirin, na kunna, na gyara, ban fito ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce a kashe sola. Ɗakin ya yi tsit, fuskokin kwamfutocin suka yi baƙi. Janareta ya tashi a waje. Abdulhamid da Sharon suka bi layi suna dannawa. Minti ɗaya, biyu, biyar. Hamsin ɗin nan suka tsaya da ƙafarsu, ko ɗaya ba ta mutu ba. Baƙon ya gyaɗa kai ya yi rubutu a takardarsa.

Baffa ya saki ajiyar zuciya ya ce, "Masha Allah. Da safe yaron nan ya ce mini sun lalace, na zo ina salati." Sai idonsa ya sauka a kaina ina ƙoƙarin miƙewa, ƙura a gwiwa, lafaya a ƙugu. "A'a, wannan fa? Ita ma injiniya ce?"

Sharon ta buɗe baki ta ce, "Baba, ai ita ce ta..."

Abdulhamid ya riga ta. "Yarinyar Sharon ce, Baffa. Mai taya ta aiki. Ita ta ɗauko ta."

Yarinyar Sharon. Na ji maganar ta shiga ta kunnena ta sauka har tafin ƙafa. Na san na yi masa laifi, na san tsoro ne ya sa shi, na san saura kwana biyu Asabar. Duk na sani. Sharon ta sunkuyar da kai, ita ce ma ta ji kunyar.

Baffa ya matso yana murmushi. "Kai, madalla. Irin waɗannan yaran ake so. 'Yata, yaya sunanki? 'Yar wane gida ce ke?"

Abdulhamid yana bayansa, yana girgiza mini kai a hankali, idanunsa suna roƙona. Da na ce Sabuwa ko wani suna, da an wuce wurin, da ranar Asabar na lulluɓe fuska a ɗaki an tsayar da rana lafiya. Na cire sukundireba daga bakina, na durƙusa har ƙasa kamar yadda Umma ta koya mini.

"Ina kwana, Baffa. Sunana Wasila, 'yar Malam Bukar mai kilishi ta Nguru. Gidanmu za ku zo jibi."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi batiran da ke warwatse a teburi, ya dubi hannuwana, ya daɗe yana dubansu. Murmushin ya tafi, amma ban iya karanta abin da ya maye gurbinsa ba. Ya juya wurin baƙin ya ce cikin ladabi, "Bismillah, ku shiga ofis ku sha ruwa. Sharon, raka su."

Suka fita. Na yunƙura zan bi bayansu.

"Ke zauna, 'yata," in ji shi. "Abdulhamid, rufe ƙofar nan."